Kalandar da ke fitowa a fom: za ta hana kuskuren kwanan wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ke riƙe da rajistar wata ƙungiyar mata masu adashe da rance a Tawa, da manhajar ajiye bayanai ta Access muke aiki. Mu uku ke shigar da bayanai, kowa da yadda take rubuta kwanan wata. Kwanaki muka je karɓar kuɗi wurin wata mata, ashe lokacin biyanta bai yi ba. An ce in sa ƙaramar kalandar nan da ke buɗewa a gefen akwatin kwanan wata. Yaya ake yi, kuma za ta magance mana?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Za ta rage maku wahala, amma ba a kowane akwati ba. Bari in fara da abin da nake zargin ya faru da ku.

Mu nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, irin na Faransa. A Amurka wata ne a gaba. Wasu kwamfutocin hannu na biyu da ake saya a kasuwa da saitin Amurka suke zuwa, Access kuwa saitin Windows yake bi. Kin rubuta 03/04/2024 kina nufin 3 ga Afrilu, ita kuma na'urar ta ajiye 4 ga Maris. Abin haushin shi ne idan kika rubuta 13/04/2024, ta san babu wata na goma sha uku, sai ta juya da kanta ta ajiye daidai. Ranakun 1 zuwa 12 ne kaɗai ke lalacewa, a shiru, ba gargaɗi. Shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Don haka kafin komai, ki buɗe saitin yanki na Windows a kwamfutocin ukun, ki mai da su iri ɗaya.

Sai kalandar. Tun daga Access 2007 tana cikin manhajar, ba sai kin sauko da komai ba. Tsohuwar da ake ɗorawa daban an cire ta a Access 2010, kada wani ya ɓata maki lokaci da ita. Sharaɗi biyu ne. Filin da ke cikin teburi ya zama nau'in Date/Heure, wato na kwanan wata. Idan Texte aka yi shi tun farko, kalanda ba za ta fito ba, kuma ko jera ranakun biya ba za ki iya yi daidai ba. Na biyu, a saitin akwatin ki duba layin Afficher le sélecteur de dates, kada ya kasance a kan Jamais. In kin yi duka biyun ba ta fito ba, to akwai masque de saisie, wato tsarin da ke tilasta yadda za a buga bayani, a kan akwatin. Ba sa zama tare, sai ki zaɓi ɗaya.

Ga ranar karɓar rance da ranar biya, kalanda ta fi. Mutum na ganin ranar mako da idonsa, ya san ta faɗa Lahadi ko ranar kasuwa. Kuma duk mai aiki da madannin Faransanci a kwamfutar cinya ya san azabar riƙe Maj don buga lamba ɗaya. Ranar yau ma ba ta buƙatar kalanda: ki sa Date() a Valeur par défaut, ta cika kanta.

Ranar haihuwa kuwa, a'a. Kibiyar kalandar wata ɗaya-ɗaya take komawa. Daga 2024 zuwa 1968 shekara 56 ne, wato dannawa 672. Ba sakatariyar da za ta yi wannan da mata ashirin zaune suna jiranta. Za ta gaji ta danna duk abin da ya zo. Wannan akwatin a bar shi a buga da hannu, shekara da lamba huɗu, ki sa masa ƙa'ida a Valide si, kamar <=Date(), don kada a haifi wata mata a shekara mai zuwa.

Akwai kuma abin da kalanda ba ta sani ba game da ƙasarmu. Tsofaffi da yawa takardarsu "née vers 1960" take cewa, ba rana ba wata. Kalanda kuwa sai ta tilasta maki zaɓar rana, sai a danna 1 ga Janairu, rajista ta cika da mutanen da duk aka haifa ranar sabuwar shekara. Ki buɗe fili daban na shekarar haihuwa kawai, ko ki ƙara ɗan akwatin da ake yi wa alama idan kiyasi ne.

Tsofaffin bayananku kalanda ba za ta gyara su ba. Ki tace duk waɗanda ranarsu ba ta wuce 12 ba, ki ɗauko littafin takarda, ku zauna ku biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na dubawa. Ki kwafi fayil ɗin a kan kile (USB) kafin ki taɓa komai.