Me Ya Sa Ba Na Ganin Abin da 'Yan Uwana Ke Wallafawa a Facebook?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da abokai kusan 900 a Facebook, amma kullum mutum goma zuwa sha biyar nake gani, sai bidiyoyin cacar baki na mutanen da ban ma sani ba. Ƙanwata ta yi fushi wai na yi biris da hotunan da ta sa, alhali ban gan su ba. Kutse aka yi mini, ko toshe ni aka yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka, ba kutse ba ne, kuma ba wanda ya toshe ka. Aikin algoridim ne, wato tsarin lissafin da manhaja ke bi wajen zaɓar abin da za ta ɗora maka a gaba.

Tun a 2013 Facebook ya bayyana cewa duk sanda mutum ya leƙa shafinsa, akwai abubuwa kusan 1,500 da ke jiran a nuna masa, amma wajen 300 ake fifitawa. Ka ga dole a yi tankaɗe da rairaya. Ana tattaro abin da abokanka suka wallafa, a haɗa da na baƙin da ake zaton za su ja hankalinka, sannan a ba kowanne maki. Wa ya wallafa? Yaushe rabonka da hulɗa da shi? Za ka tsaya a kai, ka yi sharhi, ko ka tura wa wani? Mai maki mafi yawa shi ke hawa sama.

To, ga inda gizo ke saƙar. Na'ura ba ta san abin da ke zuciyarka ba, abin da yatsanka ya yi take aunawa. In ka ga hoton ƙanwarka ka yi murmushi ka wuce, a lissafinta ba ka damu da shi ba. In kuwa bidiyo ya ɓata maka rai, ka kalle shi har ƙarshe, ka karanta sharhin mutane, ka mayar da martani, to sau uku ke nan ka shaida mata cewa irin wannan kake so, gobe sai ta kawo maka ɗan uwansa. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 an riƙa ba alamomin motsin rai, har da fuskar nan ta fushi, nauyin laik biyar, kafin daga baya a soke nauyin ta fushin. Sauran manhajojin ma haka suke. YouTube ya koma fifita tsawon lokacin kallo tun 2012, TikTok kuma ya faɗa a 2020 cewa kallon dogon bidiyo har ƙarshe babbar alama ce ta sha'awa. A ganinmu wannan ne babban aibin tsarin: yana ɗaukar ɓacin rai tamkar so.

Gyara na yiwuwa. Fara da sa ƙanwarka da na kusa da kai a jerin Favourites, wato waɗanda kake so a riƙa fifita maka abin da suka wallafa, wanda ke ɗaukar mutane da shafuka har 30. Sai ka shiga shafinta kai tsaye, ka yi sharhi na gaske a kan abu biyu ko uku, domin rubuta magana ya fi danna laik nauyi. Akwai kuma sashen Feeds da aka ƙara a 2022, inda za ka zaɓi abokai zalla, a jere daga sabo zuwa tsoho. Sai dai ba ya zama dindindin. Da ka rufe manhajar ka dawo, babban shafin za a mayar da kai. A Instagram, taɓa tambarin da ke sama ka zaɓi Following, don ganin na waɗanda kake bi zalla.

Bidiyon rigima kuwa, kada ka tanka masa ko da don ka gyara ƙarya ne. Danna ɗigo ukun da ke gefensa ka zaɓi ɓoyewa ko rashin sha'awa. Wanda ya dame ka amma ba ka son cire shi, kana iya dakatar da ganinsa na kwana 30 ba tare da ya sani ba.

Abu biyu ne kan rusa gyaran: barin bidiyo na ta juyawa bayan barci ya kwashe ka, da ara wa wani wayarka. Duk abin da aka kalla, a kanka ake rubuta shi. Sauyin ma ba dare ɗaya yake zuwa ba, saboda tsohon tarihinka na nan.

Batun ƙanwarka, ka yi mata bayani cewa rashin laik ba shaidar an gani an share ba ne, ita ma ba duk naka take gani ba. Haka yake a harkar aiki: sanarwar da ka wallafa wani kaso na masu bin ka kaɗai take riska. Maganar da lallai kake son ta isa, ka tura ta ta saƙon kai tsaye ko ka buga waya, don a can babu algoridim mai yi maka zaɓe.