Yaron da ya gudo daga gida: a kira iyayensa nan take?

Kin tambaya ko ki kira iyayen yaro ɗan shekara 15 da ya gudo cibiyarku da daddare. A'a, kada ki fara da waya. Ba shi abinci da wurin kwana, duba ko da rauni a jikinsa, sannan ki ji abin da ya koro shi.

Wani lokaci mai dukan nasa ne zai ɗaga wayar. Na ga yaran da suka kwana da takalmi a ƙafa don sun ji an nemi lambar gida. In doka ta wajabta sanar da iyaye, gaya masa kafin ki kira, kada ki yi alkawarin da ba za ki cika ba. In ya ambaci duka ko lalata, hukumar kare yara za ki fara nema.