Amsa ga mai tambaya kan kafa 'yan kwana-kwana na sa kai a kasuwa

Salam ɗan uwa, Allah ya mayar muku da alheri kan gobarar da kace ta ci layinku. Na ga tambayarka, wai ku matasan kasuwa kuna so ku haɗa ƙungiyar kashe gobara ta sa kai, ta ina za ku samu kuɗi, wa zai koya muku, kuma ko ku fara da neman mota. Toh ni dai ina wani ƙauye ne a Jamus ba nisa da Hamburg, kuma na daɗe cikin 'yan kwana-kwanan garin, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Nan ƙasar kusan mutum miliyan 1 ne ke wannan aikin kyauta, masu albashi sai a manyan birane ɗari da 'yan kai. A ƙauyenmu in ka kira 112 wanda zai zo maka makaniken gari ne da manomi da wata malamar makaranta, kowa da 'yar na'ura a ƙugu, tana ƙara ka ajiye cokali ka ruga. Amma kar a ruɗe ka, mota da kaya da tiyo duk ƙaramar hukuma ce ke saya, doka ce ta ɗora mata, har in ka bar wurin aiki ka tafi gobara ita ke biyan maigidanka kuɗin awannin. Gudummawar jama'a ƙari ce kawai. Muna yin biki sau ɗaya a shekara, a fito da mota yara su hau su danna jiniya, a sayar da abinci (ni wajen kofi da kek nake tsayawa, ka san naman nasu), sannan a watan Janairu yaranmu na ƙungiya su bi gida gida suna kwashe bishiyoyin Kirsimeti ana basu ɗan abin da ya samu. Abin da yasa mutane basa gajiya da bayarwa shine duk shekara ma'aji zai tashi gaban kowa ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma mutum biyu da ba sa cikin shugabanni sun riga sun bi rasit ɗaya bayan ɗaya. Ku kam tunda karo-karo za ku dogara dashi, wlh in baku yi wannan ba wata 6 ba za ku kai ba za a fara cewa wane ya ci kuɗin gidauniya.

Maganar mota kuwa ka ajiye ta tukuna. Ni da na shiga ɗoki nake, na zata sati ɗaya za a miƙo min tiyo. Ina! Sai da nayi awa 70 na horon farko, ɗaurin igiya, jingina tsani, naɗe tiyo har hannu yayi kanta, taimakon gaggawa, kuma duk da haka ba a yarda in shiga gidan da ke ci ba. Wannan sai ka sake wani kwas na tukunyar iska, wadda ake goyawa a baya ana shaƙar iska daga cikinta, likita ya gwada huhunka da zuciyarka, kuma gemu baya tafiya da abin rufe fuskar don hayaƙi zai bi ta gefe. Na daɗe ina jan ƙafa a kan gemun nan kafin na yanke shawara, wannan labari ne na wata rana.

Ran da na fara shiga gidan da ke ci, ɗakin ƙasa ne na wani gida, injin busar da kaya ya kama. Wutar kanta ba wata babba bace, amma hayaƙi, na ɗaga hannu gaban fuskata ban ganshi ba, rarrafe muke a gwiwa ina riƙe da takalmin abokina, ba abin da nake ji sai numfashina. Tukunyar da aka ce tana kai kamar rabin awa, tsoro yasa na zuƙe ta da wuri, kuma dokar ita ce mutum biyu ku shiga mutum biyu ku fito, ga wasu biyun a waje cikin shiri saboda mu kawai, ga mai riƙe da allo yana rubuta lokacin shigarmu. Da na faɗi iskar da ta rage min a rediyo aka ce mu fito, raina bai so ba, mun kusa gamawa fa. Shugabanmu ko kallona bai yi ba ya tura na gaba.

Shi yasa nake ji muku tsoro, jarumtar matasanmu na sani, mutum zai faɗa shago da singileti don ya ceto dilar atamfa. Ku rubuta shi a dokarku tun yau, ba mai shiga hayaƙi saboda kaya. Ku je ofishin kwana-kwana na jiharku da sarkin kasuwa ku roƙi su turo wanda zai koya muku, kuma kuɗin farko ya tafi kan tukwanen kashe wuta a bakin kowane layi da bokitan yashi da tankin ruwa, a san wa ke da makullin inda ake yanke wutar NEPA, masu gadin dare kowa da lambar kwana-kwana a wayarsa. Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 cikin dare ta tashi. Kuma ku koya wa masu suya kada su watsa ruwa a kaskon mai, lita 1 na ruwa tana zama tururi kusan lita 1,700, murfi ake kifawa a kashe gas. Haka janareto da wayar wuta, ba a watsa musu ruwa.

Aikin da yafi wahala kuma ba kuɗi yake ci ba, shine lallaɓa 'yan tebura su bar hanyar da mota zata wuce. Nan sai kun sa dattawa. Ka turo min yawan layukanku da inda rijiyar burtsatse take in duba maka tukwane nawa za ku fara dasu.