Jinkar roba ko kwano? Amsa ga Hajiya mai gini a Gwagwalada

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya. Kin ce ginin ya kai linta, kin ga jinkar roba a hotunan otal-otal na bakin teku ta ba ki sha'awa, kuma kina jin za ta fi kwano sanyi. To ki rufa da ita ko ki bi sahun jama'a? Rufi sana'ata ce, kuma na buga wannan jinkar a bukkokin wuraren shaƙatawa da wani ɗakin baƙi, don haka ga abin da na gani.

Idan sanyi kike nema, kada kamannin su ruɗe ki. Abin da ya sa ɗakin jinkar iyayenmu yake da sanyi ko a tsakiyar bazara shi ne kaurin ciyawar. Shuci ko gamba da aka baibaye hawa-hawa, kowane kara da iska a cikinsa, zafin rana ba ya ratsawa, na cikin ɗaki kuma yana sulalewa ta tsakanin ciyawar ya fita. Ta roba ba haka take ba. Falle-falle ne ake jerawa, wasu da dangin robar jarka, wasu da irin ta bututun ruwa, kuma ba su da wani kauri. Inuwa suke bayarwa. A buɗaɗɗiyar rumfa da iska ke kaiwa da komowa, wannan inuwar ta wadatar, za ki zauna ki ji daɗi. Amma a ɗaki mai bango huɗu, yawancin nau'o'inta sai an fara shimfiɗa filawud, a bi shi da shimfiɗar hana yoyo, sannan a buga jinkar a sama. Kin ga rufi biyu kika saya ke nan, na ƙasan shi ke tare ruwa, na saman ado ne. Rufin kuma ya daina numfashi, sanyin da za ki samu ya koma hannun silin da tagogi, kamar dai na mai kwano.

Ba kushe ta nake yi ba, tana da nata alherin. Gara ba ta cinta, ba ta ruɓewa, tsuntsaye ba sa zare ta su yi sheƙa, ba ta zubar da dattin ciyawa a kan gado, ruwan sama ba ya yin ƙara a kanta. Jinkar ciyawa irin tamu duk bayan damina biyu ko uku sai an sake baibaya, ita kuwa manyan kamfanoni kamar Palmex na Kanada da Endureed na Amurka suna ba da garanti har na shekara 20. Sai dai wannan na masu suna ne. Wadda ake kawowa a kwali babu sunan kowa, na ga abin da ranarmu ta yi mata: launi ya koɗe, bakin ya bushe, kina taɓawa yana karyewa. Sinadarin kariyar rana shi ne tsadar, shi ne kuma ake ragewa idan ana son araha, ido kuma ba ya gane bambancin ranar saye.

Sai maganar wuta, wadda nake so ki ɗauka da muhimmanci tunda a yankinku ana ƙona daji da hunturu. Roba ce. Akwai wadda aka haɗa da maganin hana kamawa, akwai wadda ba a haɗa ba, kuma idan ta kama narkewa take yi tana ɗiga. Ki ce mai sayarwa ya nuna takardar gwajin wuta, sannan ki karɓi ɗan yanki ki sa masa ashana a tsakar gida. In mai kyau ce, wutar tana mutuwa da kin janye ashanar. Kusa da kicin ko ɗakin janareta kuwa, ko mai kyau ce ban yarda ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa wa mutum a farko. Jinka kowace iri tana son tsayin rufi. Ta roba ana son gangara ta kai digiri 30, ta ciyawa 45. A digiri 45 faɗin rufin ya fi na ƙasan ginin da kusan kashi 40 cikin 100, wato ƙarin katako, ƙarin ƙusa, ƙarin kuɗin kafinta. Kuma garar da ta ƙyale robar ba za ta ƙyale katakon ba, dole a shafe shi da magani. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Idan iskar farkon damina ta ɗage miki wani gefe, kwano za ki samu a kowace kasuwar kayan gini a ranar, wannan kuwa sai kin jira, launin ma ba lalle ya zo daidai ba. Kafintocin da suka iya buga ta kaɗan ne, a ƙusurwa da tsororuwa aikin yake lalacewa. In kina da niyyar ɗora sola a kan rufi ko tara ruwan sama a tanki, duka biyun suna wahala a kan jinka.

To me zan sa da gidana ne? Alminiyom dogon falle, mai kaurin milimita 0.55. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ƙarancin mahaɗa yana rage yoyo. Ki tura wanda za a auna kaurin a gabansa, don sau da yawa abin da aka rubuta a rasit daban, abin da aka sauke daban. Ki zaɓi launi mai haske. Na san baƙi da ruwan toka mai duhu su ake yayi, amma su suka fi shan rana, kuma kowa ya san zafin Gwagwalada a watan Maris. A shimfiɗa takardar alminiyom mai ƙyalli da ke tare zafi a ƙarƙashin kwanon, a ɗaga silin, a bar ƙofofin iska a sama da raga don kada jemagu su shiga, a fitar da bakin rufin sosai ya yi wa bango inuwa. Waɗannan su ke kawo sanyi, kuma duka kuɗinsu bai kai na jinkar roba ba.

Kwano mai tsakuwa da ake ce wa Gerard ya fi shiru idan ana ruwa, yana da kyau, amma jabunsa ya yi yawa, ki goga da yatsa ki ga ko tsakuwar na zuba. Langa-langa ki bar shi wa shago da ɗakin kaji. Rufin kankare, wato dakin, yana shan zafi da rana ya sako shi da dare, sai in za ki hau bene.

Sha'awarki kuma ba sai kin binne ta ba. Ki yi bukka a tsakar gida ko rumfa a gaban falo, ki rufa ta da jinkar roba mai suna, ki sayi 'yan fallaye na ajiya tun yanzu saboda gyara. In kuma akwai masu baibaya a ƙauyukan kusa da ku, ki tambayi kuɗin ta ciyawa tukuna, don a bukka ta fi ta roba sanyi nesa ba kusa ba, muddin kin yarda da sabuntawa. Ki turo faɗin ginin da hoton zanen rufin, sai mu lissafa miki fallen da zai ci.