Funfunar da ke juya tururuwa: wace iri ce, kuma wa take kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa akwai wata funfuna da ke shiga jikin tururuwa ta juya ta yadda take so har ta kashe ta. Wace iri ce, kuma tana kama kowace tururuwa, har da cinnaka da kiyashin gidajenmu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, masana na kiranta Ophiocordyceps unilateralis. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Louis da Charles Tulasne, su suka fara bayyana ta a 1865 da sunan Torrubia, daga baya aka mayar da ita cikin rukunin funfuna na Cordyceps, sannan binciken ƙwayoyin halitta na 2007 ya tabbatar mata da mazauni a dangin Ophiocordycipitaceae.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne, wannan suna guda ya daɗe yana rufe nau'o'i masu yawa. A 2011 masana uku, Harry Evans da Simon Elliot da David Hughes, suka binciki dazuzzukan jihar Minas Gerais ta Birazil, suka gano nau'i huɗu mabambanta, kowanne da tururuwar da ya keɓanta da ita, har aka raɗa musu suna da sunan tururuwar, kamar camponoti-rufipedis. Waɗanda take kamawa manyan tururuwa ne na rukunin Camponotini, wato Camponotus masu sheƙa a cikin itace, da Polyrhachis masu ƙaya a gadon baya.

A dajin Tailan an ga yadda abin yake gudana. Tururuwar da ta kamu takan baro sheƙarta a saman bishiya tana tangaɗi, ta hau ƙaramin tsiro kimanin santimita 25 daga ƙasa, inda laima ta dace da funfunar, da tsakar rana ta dantse jijiyar ganye ta ƙasansa, ta mutu a maƙale. Bayan kwanaki sai wani siririn tsinke ya ɓullo ta ƙeyarta, yana zubo iri a kan tururuwa masu wucewa.

Game da cinnaka da kiyashi, ka kwantar da hankalinka, domin ba sa cikin wannan rukuni, kuma funfunar ta fi son daji mai duhuwa da danshi. A Afirka ta Yamma, Evans ya yi nazarin irin waɗannan funfunoni a dazuzzukan kudancin Gana tun shekarun 1970.