Gidan 'yar tsana a Palm Springs: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a Los Angeles, na ɗan tara abin da Allah ya hore. Na ga wani gida a Palm Springs, wani gari a hamadar jihar California, ginin 1959, ƙofarsa ruwan hoda, rufinsa ya buɗe kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, sak gidan 'yar tsana. Ina so in saya in riƙa ba baƙi haya na 'yan kwanaki. Maigida ya ce idan mun saya, mu farfashe tsohon tayil mu zuba kayan zamani. Mece ce shawararku?

Amsa: Hajiya, kin iya zaɓe. Irin waɗannan gidaje suna da masoya na gaske. Kamfanin Alexander kaɗai ya gina sama da 2,000 a wannan yanki tsakanin 1955 da 1965, akasarinsu zanen William Krisel ne, kuma duk watan Fabrairu garin kan cika da baƙi a makon bikin irin wannan gini, har sayen tikiti ake yi don kawai a leƙa cikin gidajen mutane.

Don haka, da girmamawa, a ba maigida haƙuri, a ajiye guduma. Tayil ruwan hoda na banɗaki, da bulo mai huda-huda da ke tare rana ya bar iska ta ratsa, da bangon gilashi daga ƙasa har sama, su ne hajar da za ki sayar. Baƙon da zai biya kuɗi da tsada hoto ya zo ɗauka. Ranar da kuka mayar da gidan fari fat irin na kowa, kun kashe kuɗi don ku rage masa daraja.

Inda kuɗinki zai tafi ba a ganinsa a hoto. Ki biya mai duba gida ya hau rufi, domin rufin da ya kwanta zuwa tsakiya nan ruwa ke taruwa, idan magudana ta toshe sai yoyo. Ya duba wayoyin lantarki, da bututun da ke binne cikin daɓen siminti, wanda gyaransa sai an fasa ƙasa. Sai 1978 aka haramta fenti mai dalma a gidajen Amurka, don haka gidan 1959 na iya samun irinsa, kuma doka ta ba mai saye kwana 10 ya bincika, kada ki yafe wannan dama don gaggawar dillali. Ga zafi: da bazara garin kan wuce digiri 40, tsohon gilashi mai falle ɗaya ba ya riƙe sanyi, kuɗin wuta na hawa a daidai lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa.

Abubuwa biyu za ki tambaya tun kafin a yi zancen farashi. Na farko, ƙasar ta wa ce? Wani babban yanki na garin mallakar Agua Caliente ne, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, a nan gini kika saya, fili kuwa haya za ki riƙa biya, don haka ki ga shekarun da suka rage a yarjejeniyar da idonki. Arahar wasu gidajen daga nan take. Na biyu, izini. Hukumar birnin ta ƙayyade yawan gidajen haya na gajeren zango a kowace unguwa, da sau nawa za a ba da gida a shekara. Idan unguwar ta cika, layi za ki shiga, kuma kada ki ɗauka izinin mai sayarwa zai biyo gidan.

Harajin gida ma a kan farashin da kika saya za a sake lissafa shi, kashi 1 cikin 100 da ɗoriya duk shekara, ba abin da tsohon mai gidan ke biya ba.

Ki zauna da biro da takarda ki yi lissafi kamar ba za ki taɓa samun izinin ba: hayar wata-wata ga mazauni guda, a cire biyan gida, haraji, inshora, mai kula da wurin ninƙaya da ajiyar gyara. Idan ya tashi babu asara, ki saya. Idan sai baƙin Fabrairu sun zo kafin ya riƙe kansa, ki bar jarin a shago, ki nemi wani gidan da filinsa ke cikin cinikin.