Rufe layi a haɗe filaye biyu: sa hannun ƙaramar hukuma ya isa?

Malam, ka ce kana da filaye biyu a unguwar Arkilla cikin birnin Sakkwato, akwai ɗan layi tsakaninsu cikin taswirar da aka yanka unguwar, kana son a soke layin ka zagaye su da katanga ɗaya, kuma kana tambaya ko takardar ƙaramar hukumar Wamakko ta wadatar.

Ba ta wadatar ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuwa ikonta na kan filayen karkara ne. Don haka fara da Ma'aikatar Filaye da hukumar tsara birane ta jiha. Ka je da takardun filayen biyu da lambar taswirar, ka rubuta buƙatarka. Za su duba ko layin hanyar wani ce, ko magudanar ruwa ko turakun lantarki sun bi ta nan.

Maganar ruwan nan ita ta fi damuna. Layin da kake gani busasshe da rani, da damina shi ke kwashe ruwan unguwa, in ka toshe shi gidan maƙwabci zai shiga. Ka zauna da maƙwabta da mai unguwa, yardarsu ta zama a rubuce.

Kada ka aza bulo ko ɗaya bisa alkawarin baki ko maganar dillali, ana iya rushewa. Nemi safiyo mai rajista ya sake awo, lauya kuma ya karanta takardun kafin ka biya kowa.